Maki ya nuna raunin rubutunsu, ta yaya zan gano dalili?

Malamar Mabera:
Assalamu alaikum. Ina koyar da darasin Ingilishi na GST (darussan gama-gari da ake koya wa kowane ɗalibi) ga 'yan aji ɗaya a wata jami'a nan Sakkwato, kuma a kan rubutunsu nake son yin binciken digiri na biyu. An ce in raba takardar tambayoyi in fitar da kaso. To ai maki ya riga ya gaya mani suna da rauni, dalilin ne ke hana ni sukuni. Akwai yarinyar da in ta tashi bayani a aji kowa sai ya yi tsit, amma ka karɓi takardarta, sakin layi ba kai ba gindi. Tun 2015 JAMB a kwamfuta ake yin ta, zaɓen amsa ne kawai, ba ta taɓa gwada alƙalaminsu ba. Ina so in bi hanyar hira da nazarin rubutu. Ɗalibai nawa zan ɗauka, kuma me zan ce in an tambaye ni ina ƙididdiga?

Baban Arkilla:
Wa alaikumussalam, Malama. Kada yawa ya ruɗe ki. Zaɓo su za ki yi da gangan: gwanaye, matsakaita, masu rauni, maza da mata, 'yan makarantar gwamnati da 'yan ta kuɗi. Ki yi ta hira har ki ji an daina kawo sabon zance. Kuma kada ki ce "me ya sa ba ka iya rubutu?" Kunya za ta rufe masa baki. Ajiye masa takardarsa a gabansa, ki nuna jimla guda, ki ce me yake son faɗi a nan. Da Hausa za ki yi hirar, ki naɗa bayan ya amince, ki sakaya sunansa. Wajen fitar da jigogi daga hirarrakin, matakai 6 da masana Braun da Clarke suka tsara a 2006 sun wadatar, masu jarrabawa sun san su.

Ɗan Runjin Sambo:
Baba, a gafarce ni, hira kaɗai ba ta isa. Ɗalibi abin da malamarshi ka son ji shika faɗi, balle ita ka ba shi maki. Malama, ki ɗauko 'yan ajin wani malami. Sannan ki ba su batu guda su rubuta da Hausa da Ingilishi. Wanda tunaninshi ya jeru da Hausa ya watse da Ingilishi, harshe ad damuwarshi. Wanda duka biyun sunka watse, tsara hujja ne ba a koya mai ba, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Malamar Mabera:
Allah ya saka da alheri. Sai dai da yawansu ba su taɓa rubuta Hausar boko a aji ba, ina tsoron ƙa'idar rubutu ta ɓoye mani tunaninsu. In bar su su faɗa da baki in naɗa, ko hakan ya fita daga auna rubutu?