Wai me ya sa ake ce wa atom "mara rabuwa" alhali yana rabuwa?

Ɗaliba_SS2:
Salam jama'a, dan Allah a taimaka min. Ina karatun kemistiri sai na ga an ce ma'anar atom abin da ba ya rabuwa, ina juya shafi kuma sai ga su suna lissafo abubuwan da ke cikinsa, su elektron da furoton da niyutron. To ya haka? Kuma mu me ya sa muke cewa ƙwayar zarra?

Mai_Alli:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kalmar Girkanci ce, atomos, wannan "a" na farkon na korewa ne, "tomos" kuma daga yanka yake, wato abin da ba ya yankuwa kenan. Kuma fa masu falsafa ne suka fara kawo ta, Leucippus da almajirinsa Democritus, wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ba su da ɗakin gwaji ba su da komai, tunani ne zalla, wai in ka ɗau dutse kana ta raba shi biyu kana ƙara rabawa dole ka kai inda wuƙa ba za ta ƙara ci ba. Aristotle ma bai yarda da su ba. John Dalton ne ya farfaɗo da maganar, ya buga ta a 1808, sai a 1897 J.J. Thomson ya gano elektron, aka gane ashe atom na da abubuwa a cikinsa. Lokacin suna ya riga ya bi baki, wa zai canza?

Almajiri:
Zarra kuma aro ce daga Larabci, ai kin san "misƙala zarratin" a suratu Zalzala. Masu tafsiri sun ce ƙaramar tururuwa ce, wasu suka ce ƙurar nan da kike gani tana yawo in hasken rana ya ratso ta taga. Ƙanƙanta take nunawa kawai, ba ruwanta da rabuwa, shi ya sa ni wallahi na fi ganin dacewarta a kan atom ɗin. Malaman ilimin kalam kuwa da suka tattauna ainihin batun, jauharul fard suke cewa, wato ƙwaya ɗaya tilo da ba ta rabuwa.

Ɗaliba_SS2:
Allah ya saka da alheri. Amma in an tambaya a jarrabawa in rubuta yana rabuwa ko a'a?

Mai_Alli:
Ya danganta da tambayar. A haɗe-haɗen sinadarai cibiyar atom, inda furoton da niyutron suke, ba ta taɓuwa, elektron ne kawai ke sauya wuri. A tashar nukiliya kuwa fasa cibiyar yuraniyom ake yi, an gano hakan tun ƙarshen 1938.