Abin da aka tattauna kan kayan sauti na gida

Na tattara maganganun da aka yi a wata tattaunawa kan saye da haɗa kayan sauti na gida, ga su:

1. Kusan kowa ya yarda lasifika ce ke cin kaso mafi tsoka na kuɗin kayan sautin. A saurare ta da waƙar da kunne ya saba kafin a biya, ko da ta kamfanin KEF ce ko ta Bowers & Wilkins.

2. Ɗaki ma kayan sauti ne. Falo mai tayil da bango tsirara yana sa amo ya riƙa dawowa. Kafet da labule masu kauri suna rage wannan sosai. A janye lasifikokin biyu daga kusurwa, a sa nisan da ke tsakaninsu ya yi daidai da nisansu zuwa kujera.

3. Lasifika mai ohm 4 ta fi mai ohm 8 jan wuta (ohm ma'auni ne na yadda lasifika ke tare wutar da ke shigarta), don haka a duba ƙarfin amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi ta tura shi ga lasifika.

4. Sitabilaiza dole ce, wutarmu ba ta da alƙawari.

Inda aka rabu: wasu sun ce faifan garmaho ya fi daɗi, wasu suka ce CD ya fi tsafta. Kan wayoyin haɗa lasifika masu tsada kuwa an ja daga sosai. Ni dai ina tare da masu cewa waya mai kauri ta tagulla ta wadatar.