Cajin batirin keken lantarki: a bar shi ya kwana a jone?

Sabon Mahayi: Salamu alaikum jama'a. Batir mai volt 36, akwai illa in ya kwana a caji? Kuma kowace caja za ta yi?

Mai Gyara: Wa'alaikumus salam. Kar ya kwana, malam. Da fitilar caja ta koma kore, zare. Batirin lithium mai volt 36 cajarsa volt 42 take fitarwa, mai 48 kuma 54.6. Bakinsu na iya zama iri ɗaya, amma ka jona ta 54.6 a ƙaramin batir, zai iya ɗaukar zafi har ya kama wuta. Duba lambar da ke bayan cajar. In an dawo daga tafiya, a ba shi minti 30 ya huce. A yi caji a kan siminti, ba kan katifa ba, ba kuma a bakin ƙofar fita ba.

Yar Gari: Ƙari kaɗan: in batirin ya kumbura ko yana wari, an gama da shi. In za a ajiye shi wata guda, a bar cajin wajen rabi.

Mai Gyara: Haka ne, hajiya.