Wata biyu a ruwan takobi: aikin Jamus ko aikin gida?

Ɗan Kabi: Assalamu alaikum. Jama'a, abin dillalan kayan tarihi ya isa haka. Kowane takobi sunka ɗauko sai su ce na zamanin Kanta ne, hujjarsu wai tambari. Kanta da ya yi mulki tun ƙarni na 16! Ku ji da kyau, duk takobin da kunka gani da jinjirin wata biyu masu fuska, jabu ne.

Maƙerin Jega: Wa alaikumus salam. Malam, janye jabun nan. Asalin watan na maƙeran Turai ne, ba musu, amma maƙeranmu sun sassaƙa nasu ƙarfen bugawa sunka riƙa sa shi a aikinsu, mai saye kuma ya san na gida ne. Wa anka cuta?

Ɗan Kabi: Ka ɗauki tambarin wani ka buga a kayanka, mi ne ne sunanshi in ba jabu ba?

Malam Na-Gwandu: To ai sai ka fara da Jamusawan. Kyarkecin da ke gudu, wanda mutanenmu ke ce wa kare, tambarin garin Passau ne, maƙeran Solingen sunka ara. Sun rubuta sunan Toledo ta Sifen, sun rubuta sunan Andrea Ferara, maƙerin Italiya, a ruwan da bai taɓa zuwa Italiya ba. Lambobin nan 1414 da 1441 ma ba shekarar ƙira ba ce, an fi ɗaukarsu lambobin sa'a.

Hajiya Mai Kayan Tarihi: Ku bar gardama ku duba ƙarfe. Fara neman inda tambarin yake a jikin ruwan. Shafa man keke da tsumma, ka kashe fitilar ɗaki, ka haska tocila daga gefe. Wanda anka buga lokacin ƙira bakinshi ya siɗe, tsatsar cikinshi da ta kewaye launi ɗaya. Wanda anka ƙara daga baya a ƙarfen da ya riga ya sha ruwa ba ya shiga da zurfi, gefenshi ya kan tashi, kuma za ka ga ya ratsa ramukan tsohuwar tsatsa. Ɗora takarda ka goga fensir ka samu hoton. Kada a kusanto da samfefa, lemun tsami ko ruwan batir, su ke cinye shaidar.

Maƙerin Jega: Hajiya ta gama magana. Ƙari ɗaya, ku dubi kwari ukun da ke tsakiyar ruwa. Na Solingen a dutsen wasa mai juyawa anka fidda su, sun miƙe sak, zurfi ɗaya. Na hannu sukan ɗan karkace, ƙarshensu bai daidaita ba. Na sifirin mota kuwa nauyi da kauri ke tona shi.

Baban Zainab: Ranka ya daɗe, ke nan kyarkecin da anka yanka da kurfi, zane-zane, shi ma na gida ne?

Malam Na-Gwandu: A'a ƙanena, nan mutane ke faɗawa rami. Na Turai ɗin ma da kurfi ake yanka shi, wani lokaci a cusa zaren tagulla cikin zanen. Zaki, ƙuda, da ƙwallo mai gicciye a sama su ne bugun hatimi, kuma ana danganta ukun da Peter Kull na Solingen, ƙarni na 19. Barth, matafiyin nan Bajamushe da ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta ruwan takobi 50,000 ke shigowa kasuwar duk shekara. Ya kuma sauka nan Gwandu a 1853.

Ɗan Kabi: Kano ya ƙirga, ba Gwandu ba. Komi sai kun jawo shi gidanku. Mai son ganin makaman gaske ya zo gidan tarihi na Kanta a Argungu.

Malam Na-Gwandu: Ashe dai can maganar ta dosa tun farko.

Ɗan Kabi: Eh, can ɗin da kunka daɗe kuna yaƙi da shi.

Baban Zainab: Don Allah iyayena, tambayata ita ce in kube da mariƙi sababbi ne fa?

Hajiya Mai Kayan Tarihi: Ba su da ruwa da shekarun ƙarfe. Ruwa ɗaya kan canja mariƙi da kube sau da yawa, wasawa ta rage faɗinshi, tsinin ya koma da'ira.

Maƙerin Jega: Har yanzu bai janye jabu ba.

Shugaban Zaure: Ya isa. Abin da anka cimma shi ne maƙeranmu ba su taɓa yin jabu ba, Turawa ne sunka fara satar tambarin juna, kuma aikin gida bai gaza na Jamus ba ko kaɗan. Ni jikan maƙera ne, na san abin da nike faɗi. Wanda ya sake kawo zancen Gwandu da Argungu zan fidda shi.

Ɗan Kabi: Wa ya cimma? Dillalan fa?