Ragon marigayi da sadakar arba'in

Baffa: Salamu alaikum. Saura kwana tara arba'in ɗin Yaya, Allah ya jiƙansa. Ranar Alhamis za a kai ragon nan kasuwar Maigatari, a ɗebi buhun gero guda a rumbu don gumba da fura. Abin da na kashe ranar uku da ranar bakwai shi ma zan cire. Bai bar wasiyya ba, dukiyar mutum kuwa ita ke rufa masa asiri. Sai an gama hidimarsa ake zancen gado, haka muka taras.

Babban ɗa: Amin, Baffa. Allah ya saka da ɗawainiya. Amma duka abin da Baba ya bari: gero buhu 5, rago da tumaki 2, gida, sai gonar da ke hannun jingina. Mu takwas ne, huɗu ba su balaga ba. In aka taɓa ragon da geron, me yaran za su ci kafin kaka?

Gwaggo: Kai yaro, kana birni ba ka ga taron ba. Daga Gumel, daga Garki, har daga Nijar mutane suka zo gaisuwa. Ruwa za mu ba su su juya? Ubanka bai taɓa barin arba'in ɗin kowa ba a garin nan. A ce nasa ya zo an yi tsit, da wane ido za mu kalli jama'a?

Malamin Islamiyya: Baffa, a gafarce ni, an haɗa abu biyu wuri guda. Likkafani, turare, ladan masu haƙa kabari, kuɗin motar da ta ɗauko shi daga asibiti, waɗannan daga dukiyarsa suke fita tun kafin bashi, da wasiyya ko babu. Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta jera su: likkafani, sai bashi, sai wasiyya, sannan gado. Sadakar uku da bakwai da arba'in ba sa cikin jerin. Da ya yi wasiyya a yi masa sadaka, da an cire daga sulusi. Tun da bai yi ba, daga ranar da ya cika geron nan ya zama na magada.

Baffa: Na san za a zo nan. Wato bidi'a muke yi.

Malamin Islamiyya: Ban buɗe wannan babin ba, Baffa. Limamin da zai ja addu'ar arba'in ɗin, ku tambaye shi ko ya halatta a dafa geron maraya a raba wa baƙi. Aya ta 10 a Suratun Nisa'i, wadda ta hana cin dukiyar marayu, ba ta ɗan ɗarika ba ce, ba ta ɗan Izala ba ce. Ga kuma abin da ya faru da aka kashe Ja'afar ɗan Abu Ɗalib a Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira: Annabi (SAW) cewa ya yi a yi wa iyalan Ja'afar abinci. Maƙwabta ke kai wa gidan rasuwa, mu ne muka juya abin.

Gwaggo: Maƙwabta sun kawo, tuwo kwano-kwano har kwana uku. Daga nan kowa ya koma gonarsa.

Kawu: Ni maganar ƙanwata ta kawo ni. Ita da uwargida tumuni guda za su raba tsakaninsu, tana takaba, ko kasuwar ƙauye ba ta leƙawa. Akwai ragowar sadakinta da marigayi bai cika ba, shaidu suna raye. Wannan bashi ne, yana gaba da gumba. Kuma abin da ba a so a faɗa a taro: tana da juna biyu.

Malamin Islamiyya: To ai magana ta canja. A mazhabar Malik, in akwai ciki ana dakatar da rabo sai an haihu. Kowace kotun Shari'a kuka je haka alƙali zai ce. Ragon ma yanzu yana da mai rabo a ciki wanda bai zo duniya ba.

Baffa: Ni fa ko ƙwayar gero ba na nema. Akwai 'ya'ya maza, ban da gado, na sani. Amma bashi na ci wajen mai shago na sayi alawayyo da goro da sukari. Shi wa zai biya?

Babban ɗa: Kuɗin alawayyo da na kabari da na mota, rubuto su, Baffa, a biya ka a gaban mai unguwa. Goro da sukarin uku da bakwai ni zan ɗauka, daga aljihuna. Arba'in kuma mu manya huɗu mu yi karo-karo. Ko mudu goma ne a yi gumba, a yi addu'a a ƙofar gida.

Gwaggo: Mudu goma! Almajiran tsangaya kaɗai sun cinye.

Kawu: A ƙara da naki, Hajiya. Kina da awaki.

Gwaggo: Awakina na auren jikata ne, kada ka sa musu ido.

Babban ɗa: Baffa, ragon dai a bar shi a turke tukuna.

Baffa: Dillali ya riga ya ba ni kafin alƙalami jiya da yamma. Bari in ga ko zai karɓi kuɗinsa.