Zancen Elon Musk a guruf ɗin 'yan Kaduna

Ɗan Tudun Wada: Salamu alaikum. Wallahi mutumin nan Elon Musk yana ci min tuwo a ƙwarya. Ya sayi Twitter dala biliyan 44 a 2022, ya mai da ita X, ya kori dubban ma'aikata, sai ga shi da kansa yana yaɗa ƙarya. Lokacin tarzomar Ingila a 2024 ya tura labarin bogi wai za a kwashe masu tarzomar a tsare su a tsibirin Falkland, daga baya ya goge shiru. Sannan ya zuba sama da dala miliyan 250 ya saya wa Trump zaɓe. Ba mai cewa komai?

Injiniya: Wa'alaikumus salam. "Saya" kuma? Ka ji tsoron Allah. Gudummawar kamfen ce, dokarsu ta yarda.

Hajiya ta Unguwar Sarki: Injiniya, wanda ya riƙa raba dala miliyan ɗaya kullum a 2024 ga masu rajistar zaɓe don sun sa hannu a takardarsa, me za a kira shi? Nan in an raba taliya da atamfa a Kawo, ku ne kan gaba wajen cewa sayen ƙuri'a ne.

Injiniya: Hajiya, an kai ƙara a Philadelphia, alƙali ya bar shi ya ci gaba. Saye sai da mai sayarwa. Amurkawa miliyan nawa ya biya?

Na Rigasa: Hajiya kar ki taɓo taliya, mun san gidajen da aka sauke katan-katan a 2023.

Hajiya ta Unguwar Sarki: Kai yaro, kama sunan gidan in ka isa.

Malam na Barnawa: Dama Baba Buhari ya hango haka, shi ya sa ya rufe Twitter a 2021.

Na Rigasa: Haba Malam! Lokacin ai tana hannun su Jack Dorsey, kuma don an goge masa rubutu ya rufe ta wata bakwai. Mu masu talla a intanet mu muka ji jiki.

Malam na Barnawa: Ɗan PDP dama ba ya ganin alheri.

Ɗan Tudun Wada: Jama'a, maganar ƙaryar da yake yaɗawa fa?

Hajiya ta Unguwar Sarki: Bar su. Injiniya da Starlink, intanet ɗin kamfanin Musk, yake aiki a ofishinsa, ina zai zagi ubangidansa?

Injiniya: Da kuɗina nake biya duk wata, Hajiya. Ki ba ni netwok mai kyau a Kakuri gobe in cire shi.

Shugaban guruf: To, a dakata haka. Abin da na fahimta, ba wanda ya kawo hujjar cewa an sayi zaɓe, Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa. Ɗan Tudun Wada a riƙa bincike kafin a taɓa manyan mutane. Na Rigasa ka ba Hajiya haƙuri, kuma duk wanda ya sake taɓa Baba, Allah ya jiƙansa, zan cire shi.

Na Rigasa: Shugaba, kai ma ba Starlink ɗin Injiniya kake kamawa ba?