Wane Bello kake nufi?

Ɗan Wurno:
Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya ɗana ya dawo daga makaranta yana rantsuwa wai duk Bello gida ɗaya ne. Na ce bari in kawo ƙara nan. Ƙwar biyu, amsa-amo "wa".

Na fara da Bello ɗan Shehu Usmanu,
Mai takobi, mai alƙalamin rubutawa.
Shi ya kafa birnin Sakkwato a 1809,
Ƙauye ne da, ba a ko ambatawa.
Da rana sirdi, da dare takarda,
Infaƙul Maisuri ya gama tsarawa.
Kilafatan ɗan Birtaniya ya zo da tsaraba,
Littafin lissafin Uƙlidis yake miƙawa.
Ashe gidan sun san shi tun tuni,
Nasu gobara ce ta yi lashewa.
A Wurno ya kwanta a 1837,
Ga hubbarensa, mu ke sharewa.

Tsohon Soja:
Wa alaikumus salam. Malam, ka yi wa sarki, ka bar mu masu kaki a rana.

Akwai Sani Bello ɗan Kwantagora,
Dogarin Ironsi, shi ke karewa.
A Ibadan cikin Yulin 1966,
Aka kama su, Allah ya yi mai tsirawa.
Ya riƙe Kano daga 1975,
Shekara uku yana gwamnan Kanawa.
Akwai U.K. Bello, ku sa shi addu'a,
Dogarin Babangida, bai san gujewa.
Daren yunƙurin juyin mulkin Orkar a barikin Dodan,
Afrilun 1990 ya yi faɗuwa.
Maigidansa ya fita da ransa,
Shi ko gawarsa aka zo ɗaukewa.

A yafe mini in karin ya gurgunce, da bindiga na saba. Wannan na biyun har yau in na tuna shi sai na yi shiru.

'Yar Katsina:
Baba Soja, Allah ya jiƙansa. Karin kuwa shekarun nan ne suke karya muku shi ku duka biyu, amma ni ma ba zan tsira ba.

Kun kawo sirdi, kun kawo kaki,
Saura mai hukunci da saurarawa.
Muhammadu Bello namu na Katsina,
Alƙalin Alƙalai, ba a musantawa.
Daga 1987 har 1995,
Na farko a kujerar daga 'yan Arewa.
To Malam, ka gaya wa yaronka,
Suna ɗaya ba ya sa a gada da rabawa.
Mu sunan uba muke jingina wa namu,
Ko na gari, Bature ya sa mu cikewa.
Takardar makaranta ta nemi na biyu,
Sai a ba da na Baba a wuce da shigewa.
In Bellon Katsina ya je gadon Wurno,
Da sanda za a raka shi fitowa.

Autan Zaure:
Yaya, ban yarda duka ba.

Kin raba su kamar gyaɗa a faranti,
To Gamji fa, ina kike ajewa?
Ni jami'arsa na yi a Zariya,
Kullum sunansa nake wucewa.

'Yar Katsina:
Auta, ka kama ni. Wannan na bar wa mai shi.

Ɗan Wurno:
Madalla da Auta, ka taɓo jijiya,
Wannan jini ne, ba haɗuwa ba a kasuwa.
Bello ya haifi Atiku na Raba,
Shi ma Sarkin Musulmi, ya yi hawa.
Atiku ya haifi Ibrahim, uban Ahmadu,
Tattaɓa-kunne ke nan in kana ƙirgawa.
A 1938 ya nemi gadon kaka,
Abubakar aka naɗa, shi Sardauna aka ba wa.
Firimiya ya zama a 1954,
Jami'ar 1962 ya yi kafawa.
Ran 15 ga Janairun 1966,
A Kaduna suka zo da harbawa.

Saboda haka yaron ya ci biyu cikin biyar. Zan gaya masa da daddare, in bai riga ni barci ba.

Tsohon Soja:
Malam, biyu cikin biyar ai faɗuwa ce. A bariki da tsallen kwaɗo zai kwana.